Kafin ka sayi jitar lantarki, fara duba soket ɗin ɗakinka

Wani ƙanina daga Kano ya tambaya, yace shekara biyu kenan yana taɓa jitar katako wacce bata amfani da wuta, ba sana'a ya ɗauke ta ba, yana da aikinsa, da daddare ne kawai idan ya dawo yake ɗan kaɗawa ya huta, kuma kiɗan mutanen Agadas ne ya ja shi. Yanzu ya tara ɗan kuɗi yana son shiga ta lantarki, ya ga wata mai tambarin Gibson a hannun wani da araha, ya ga amfi, wato akwatin sifikar da ke ƙara muryar jita, na hannu mai wat 100, sannan yana tambaya feda nawa zai haɗa da su, wato ƙananan akwatunan nan da ake takawa da ƙafa su canza muryar jita. A gidan haya yake, ɗaki da falo.

Toh ƙanina, sannu da ƙoƙari. Na haura shekara ashirin ina kaɗa jita ina kuma gyara ta mutane, kuma abin da zan fara gaya maka bazai maka daɗi ba, duk kayan nan uku da ka lissafa ka ajiye su gefe tukunna. Lissafinka na dandali ne, irin na bidiyon da kake kallo, alhali kai a falo zakayi kiɗan nan, da maƙwabta a bayan bango, da wutar da sai ta ga dama take zuwa. Ɗakin da wutar su zasu zaɓa maka kaya, ba sunan da aka rubuta a kan jitar ba.

Bari in fara da Gibson ɗin nan dan kar ka je ka biya kafin ka gama karantawa. Gibson a Amurka kaɗai suke ƙera jitarsu, ta lantarkin a Nashville, dan haka duk wacce aka ce maka sabuwa ce fil kuma kuɗinta bai kai na babur ɗan gwanjo ba, jabu ce, babu wani dogon bincike. In kana son ka tabbatar da idonka duba ƙaramin murfin nan dake saman kai inda wuya ya ƙare, na Gibson na asali kusoshi biyu ke riƙe shi, jabun yawanci uku zaka gani. Ni ba wai ina ƙyamar jita mai araha bane, wacce nafi ɗauka a gida ma mai araha ce, amma wanda ya yi maka ƙarya a tambari baka san inda kuma ya yi maka ƙarya a ciki ba, na sha buɗe irinsu in tarar ƙarfen cikin wuya da ake daidaita miƙewar wuyan da shi baya juyawa ko ma ado ne kawai. In siffar ce ta burge ka akwai Epiphone, kamfanin na Gibson ne kuma halal ɗinsu ce, kamar yadda Squier take ta Fender.

Amma ko ta asalin ce aka baka kyauta, ga kiɗan da ka ce kana so ba ita zan fara nuna maka ba. Dalili yana cikin fikof, wato maganaɗisun nan da aka naɗe da siririyar wayar tagulla a ƙarƙashin tsirkiya, shi ke jin motsin tsirkiyar ya maida shi lantarki. Iri biyu ne manya. Akwai mai naɗi ɗaya, singil koyil, irin wanda Leo Fender ya sa a Telecaster a farkon shekarun 1950 da Stratocaster a 1954, muryarsa siririya ce mai kaifi, kowace tsirkiya kana jinta daban kamar ana zuba tsakuwa a faranti. Sannan akwai mai naɗi biyu, hamboka, wanda Seth Lover ya ƙirƙiro wa Gibson aka fara sa shi a Les Paul a 1957, muryarsa mai kauri ce da nauyi, tana cika ɗaki, amma tana ɗan haɗiye ƙananan kalmomin da yatsu ke faɗa. To kiɗan Agadas ai duk a ƙananan kalmomin nan yake, babban yatsa na riƙe da tsirkiyar sama yana maimaita murya ɗaya kamar mai garaya, sauran yatsun na hannun hagu na buga tsirkiya suna fizgewa da sauri, shi yasa in ka lura da hannun Bombino ko Mdou Moctar ko 'yan Etran de L'Aïr jita mai siffar Stratocaster zaka fi gani. Shi Mdou ɗin ma bahago ne, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da wayar birkin keke, wannan kuma ka riƙe shi duk ranar da zuciyarka tace maka rashin kaya ne ya hana ka iyawa.

Sai dai singil koyil yana da ciwo ɗaya, kuma a ƙasarmu ciwon yafi tsanani. Yana ɗaukar gurnanin wutar gida. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, fikof ɗin kuma bai san bambancin tsirkiya da wayar bango ba, duk ya kwaso, sai kaji zzzzz a amfi ko baka taɓa komai ba, in akwai fanka ko firji ko cajar waya ta banza a kusa abin ya ƙaru, in janareta ne kuwa sai addu'a. Hamboka an yi shi ne musamman dan ya kashe wannan, naɗin biyu suna fuskantar juna sai gurnanin ɗaya ya cinye na ɗayan. Shi yasa shawarata ga irinka kullum ɗaya ce, nemi jita mai fikof uku wacce na kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar, hamboka ne sauran biyun singil, a takarda zakaga an rubuta HSS. Yamaha Pacifica 112 haka take kuma ban taɓa nuna wa mutum ita ya dawo yana zagina ba, Squier ma suna da irinta, Cort da Ibanez ma haka. Makunninta mataki biyar ne, mataki na biyu da na huɗu suna haɗa fikof biyu kuma a yawancin jitocin zamani gurnanin yana raguwa sosai a nan, ranar da wuta tayi ƙazanta kuma ka koma hamboka kayi kiɗanka lafiya.

Akwai kuma maganar jiki da mutane basa kawowa sai sun saya. Les Paul takan haura kilo 4, Strat kuwa, wato Stratocaster, wajen uku da rabi, a baki kamar ba komai amma ka rataya awa ɗaya kafaɗarka zata baka labari. Tsawon tsirkiya ma ya bambanta, Fender inci 25.5 ne Gibson 24.75, wato ta Gibson tafi laushi kaɗan a yatsa kuma ƙarafan wuyan, da ake kira furet, sun fi kusa da juna. Kai da ka saba da jitar katako duk wacce ka ɗauka zakaji kamar auduga, dan haka wannan kar ya dame ka.

Abin da zai dame ka shine sandar nan da ake lanƙwasawa a jikin jaki tana sa murya ta yi rawa. A Strat jakin ba a kafe yake ba, sifirin ne a baya suke ja tsirkiyoyi suna ja, su daidaita a tsakiya. Masu kiɗan hamada da yawa suna ɗaga tsirkiyar sama daga E zuwa G dan babban yatsa ya samu muryar da zai zauna a kai, to ranar da kayi haka a jita mai jaki a sake, kana ɗaure ɗaya sauran biyar ɗin duk su sauka, ka gyara su ita kuma ta gudu, haka zakayi ta zagaye har ka gaji ka ajiye. Maganin baya cin ko sisi, buɗe murfin baya ka ɗaure kusoshi biyun dake riƙe sifirin har jakin ya kwanta a jikin katako, ko ka cusa ɗan guntun katako ya tokare shi. Wacce kuma aka ce maka Floyd Rose ce, mai kulle tsirkiya da makulli a kai, wlh ka bar ta, canza tsirkiya ɗaya a kanta aikin yamma guda ne, an yi ta ne dan masu kiɗan da ba naka ba.

In ka je saye, ko a Sabon Gari ne ko wani zai turo maka daga Alaba, kar ka bari mai shago ya jona maka ita a ƙaton amfinsa ya ƙure murya ya yi maka gwaninta, hannunsa kake ji ba jitar ba. Karɓe ta ka zauna ka kaɗa ba wuta. Bi kowace tsirkiya daga furet na farko har na ƙarshe ɗaya bayan ɗaya kana saurare, inda murya ta mutu ko take zizar ƙarfe ka tsaya a nan ka sake. Ɗaga ta ka leƙa wuyan daga kai kamar mai duba ko gora ta miƙe, ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne, amma in ya murɗe gefe ɗaya sama ɗaya ƙasa ka miƙa masa kayansa, wannan baya gyaruwa da kuɗin da ya dace. A furet na 12 tazarar tsirkiya da ƙarfe ta zama kamar katin ATM biyu a haɗe, wato wajen milimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Shafa gefen wuyan da tafin hannu kaji ko bakin ƙarafan na yanka. Sai a ƙarshe a jona, ka murɗa kowane maɓalli ka motsa bakin waya a ramin jak kaji ko tana ɗaukewa. Ƙarar ƙasa-ƙasa a maɓalli yawanci ƙura ce, feshin wanke lantarki na masu gyaran rediyo yana maganinta, wannan dalilin neman ragi ne ba dalilin fasawa ba.

Sannan ka ware kuɗin saiti tun kafin ka fita daga gida. Nan ne kusan kowa ke faɗuwa. Jita mai araha da aka yi wa saiti mai kyau, aka daidaita wuya da tsayin tsirkiya aka goge bakin ƙarafa aka gyara ramukan ƙashin kai da tsirkiyoyi ke bi a ƙarshen wuya, tafi mai tsada da aka zaro daga kwali daɗin hannu nesa ba kusa ba. Mutum zai zo min yana cewa jitarsa bata riƙe tunin zai canza makullan kai, in duba in ga tsirkiya ce ke maƙalewa a ramin ƙashi, in goga masa bakin fensir a ramin, shikenan magana ta ƙare. A Kano in baka san mai yi ba tambayi masu kaɗa jita a coci-cocin Sabon Gari, su suka fi kowa sanin wanda hannunsa ke da kyau tunda duk mako suna kan aiki.

Yanzu amfi, kuma nan zan daɗe dan rabin muryar da kunne ke ji daga nan take fitowa, wasu ma sunce fiye da rabi kuma ban musa musu ba.

Wat 100 ɗin nan da ka gani, an yi shi ne a zamanin da babu manyan sifikun taro, amfin mai jita shi kaɗai zai kai murya ƙarshen fili. Kunne baya lissafi irin na kasuwa, in ka ninka wat sau biyu ƙarar da ta ƙaru 'yar kaɗan ce, desibel 3 kacal, sai ka ninka sau goma kafin kunne yace ƙara ta ninka. Ma'ana wat 50 bai fi wat 5 sau goma ba, ninki biyu ne kawai. Kuma wat ɗaya tak a sifika mai kyau ta inci 12 yana iya kaiwa kusan desibel 100 in kana tsaye mita ɗaya a gabanta, wannan ya isa mai gida ya aiko yaro. Toh me zakayi da ɗari a falo? Zaka bar maɓallin a ƙasa da ɗaya, inda amfin bai ma farka ba, murya siririya kamar rediyon da batir ya yi wa sanyi.

Amfi iri uku ne a kasuwa. Na kwalba, mai ƙananan kwalaben gilashi a ciki wanda wasu ke cewa bawul, shine tsohon yayi irin na Vox AC30 da Marshall na farko da Jim Marshall ya fara yi a Landan a 1962. Gaskiya muryarsa akwai daɗi, in ka taɓa a hankali ya yi laushi in ka danna ya yi gurnani, kamar yana numfashi tare da kai. Amma daɗin baya fitowa sai an ɗaga shi, yana da nauyi, yana zafi kamar murhu a watan Afrilu, wutar da yake ja ta ninka wat ɗin da aka rubuta masa sau da yawa dan haka inbata zata ji a jikinta, kwalaben kuma suna ƙarewa. Masana'antun da suka rage suna yin su ƙalilan ne, a Rasha da Sulobakiya da Chaina, da yaƙin Yukiren ya tashi a 2022 har Turawa sai da suka sha wahalar samu balle kai. Ga shi baya yafiya, ka kunna shi babu sifika a jone tiransifomarsa ta ƙone, ka buɗe bayansa kuma akwai kafasito, wato ƙananan ma'ajin wuta, masu riƙe bolt ɗari uku zuwa sama ko bayan an zare shi daga bango. Ina da guda ɗaya ina sonsa kamar me, amma a wata sai in kunna shi sau biyu.

Na biyu tiransisto, baya laulayi, kunna ka kaɗa. Kar wani ya ce maka na talakawa ne, Roland JC-120 da ya fito a 1975 tiransisto ne kuma har yau in ana maganar murya mai tsabta kamar ruwan randa shi ake fara kira, manyan makaɗa na hawa dandali da shi. Na uku kuma shine na dijital mai kwaikwayon muryar sauran, tun Line 6 suka fito da POD a 1998 abin ke gyaruwa, da farko muna masa dariya yanzu mun daina. Nan nake so ka tsaya. Boss Katana 50 misali, sifika inci 12, yana da makunnin rage ƙarfi zuwa wat 25 ko rabin wat, ga ramin hedifon, ga kusan duk fedojin da kake mafarki a cikinsa. Rabin wat da daddare, hamsin ranar da abokinka zai yi biki ya ce ka zo ka taya. Fender Mustang da Yamaha THR duk layi ɗaya ne, THR ɗin ƙarami ne na kan tebur.

In kuma unguwarku irin wacce ake kwana uku ba'a ga wuta bace, ka sauko ƙasa ma ka nemi mai batir, Roland Micro Cube ko Blackstar Fly 3, duka batir shida irin na rimot babba suke ci. Zaka raina su a ido. Amma amfin da zai kunnu duk daren da hannunka ya yi ƙaiƙayi yafi wanda ke zaune a lungu da ƙyalle a kai yana jiran NEPA, kuma mai batir gurnaninsa yafi sauƙi tunda bai haɗa hanya da wutar bango ba. Su kansu mutanen hamadar da ƙananan amfi masu batir suka yi ta kiɗansu a daji kafin duniya ta san su.

Ga abin da ya taɓa cina, dan kar ya ci ka. Shekarun baya na sayi wani amfi ɗan gwanjo mai kyau, mai kayan ya rantse min an gwada, na kawo gida ina rawar jiki na canza masa kan fulogi na cusa a bango, ko daƙiƙa biyar bai yi ba naji ɗas sai wari. Na juya bayansa sai ga 120V a rubuce ƙarara, kayan Amurka ne. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan ma 100. Dan haka duk abin da zaka saya na hannu, kafin ka tambayi kuɗi juya bayansa ka karanta. In ka ga 220 zuwa 240 ko 100 zuwa 240 lafiya lau, in 120 ne kaɗai sai da tiransifomar rage wuta wacce ƙarfinta ya haura abin da amfin ke ja, kuma ka ɗaure ta a jikinsa da igiya dan wata rana ƙaninka zai jona ba tare da ita ba. Sitabilaiza kuma dole ce ba ado ba. In janareta ake tayarwa bari ya daidaita tukunna kafin ka kunna, ka kuma kashe amfi kafin a kashe inji. Inbata mai arha wacce wutarta ba sumul take ba zata sa maka ƙara a sifika da babu fedar da zata cire.

Sai maganar at, wayar nan ta uku da ke tafiya ƙasa, wacce masu wayarin da yawa ke tsallakewa dan a rage kuɗi. A jitar lantarki tsirkiyoyin a haɗe suke da jikin amfi ta cikin waya, haka aka tsara dan rage gurnani, wato duk abin da ya ɓaci a amfi in babu at ta yatsunka zai nemi hanyar ƙasa. Wannan ba tsoratarwa bace, Les Harvey a kan dandali wuta ta kashe shi a Swansea a 1972, Keith Relf kuma a gidansa yana kaɗa jita a 1976. In kana jin ɗan cizo-cizo a tsirkiya ko a leɓe in ka kusanci makirfo, tsaya nan take ka kira mai wuta ya duba soket ɗin, kar ka kaɗa ba takalmi a kan siminti, kuma duk wanda ya baka shawarar karya ƙafar fulogi ta uku dan gurnani ya tafi ba masoyinka bane.

Toh feda. Amsar tambayarka ta nawa zaka saya yanzu itace ko ɗaya, sai tuna, abin saita tsirkiya, shima ɗan maƙalawa a kai ya isa. Ka yi wata shida da abin da ke cikin amfin, ka taɓa wannan ka taɓa wancan, da kanka zaka lura akwai biyu ko uku da kullum hannunka ke komawa kansu, to su ne naka, sauran duk sha'awar ido ce. Na san masu feda goma sha a kan allo da basu iya riƙe kiɗa ɗaya na minti uku ba tare da sun gudu ko sun ja ba, kuɗin da lokacin duk sun tafi wajen murɗa maɓalli.

In lokacin ya yi, ga irin kiɗanka obadiraib mai sauƙi zaka fara nema, wanda zai ɗan ƙona bakin muryar ba tare da ya haɗiye ta ba, Boss SD-1 da ake yi tun 1981 ko Tube Screamer na Ibanez, ka bar maɓallin ƙunar a ƙasa ka ɗaga na ƙara. Distoshan irin DS-1 da faz irin Big Muff sun fi ƙarfin abin da kake nema sai dai in salon Mdou na baya-bayan nan kake bi, shi kam yana ƙona ta sosai. Bayan shi dile, mai maimaita abin da ka kaɗa, da ribab mai sa kaji kamar a cikin babban zaure kake, amma kaɗan-kaɗan kamar gishiri, in ya yi yawa saurin yatsun nan duk sai ya dame ya zama kunu. Akwai kuma wacce ake takawa tana cewa wa-wa, sunanta kenan har a Turance, kuma in mutum bai iya ba sunan yana dacewa da shi. Wajen jerawa tuna ce farko, sai wawa, sai masu ƙona murya, sai masu sa ta rawa irin koras da feza, dile da ribab a ƙarshe, dalili kuwa kana so a maimaita muryar da ta riga ta ƙonu ne, ba a ƙona maimaicin ba. Kuma kar kaji kunyar na Joyo ko Mooer ko Behringer, da yawansu kwafin da'irar tsofaffin ne, a falo babu mai bambancewa. Klon Centaur da ake sayarwa dalar Amurka dubbai yanzu obadiraib ne kawai da na asalinsa ya yi ƙaranci.

Wacce zan ce ka saya da wuri ma ba murya take canzawa ba, lufa ce, irin Boss RC-1 ko Ditto. Ka kaɗa zagaye ɗaya ka taka ta riƙe tana maimaitawa, kai kuma ka hau kai. Kiɗan Agadas dama jita biyu ne, ɗaya na riƙe ƙasa ɗaya na yawo, kai kuma kai kaɗai ne a ɗaki, to ga abokin kiɗa da baya gajiya. Kuma bata ƙarya, ranar farko da ka ji kanka zaka gane ashe kana gudu.

Hattara da abin ba su wuta. Yawancin feda bolt 9 suke ci kuma tsakiyar bakin nagetib ne, alhali adaftar dikoda ko ta rawuta da ke yawo a gida yawanci 12 ce kuma tsakiyarta fozitib, bakin kuma yana shiga daidai kamar an yi su tare, ka cusa feda ta tafi. Duba ɗan zanen da ke jikin adaftar kafin ka jona. Obadiraib batir ɗaya na kai shi dogon lokaci in kana zare wayar shiga bayan ka gama, dan ita ce makunnin, amma dile na dijital batir baya masa kwana biyu. Wayar jita kuma ka sayi mai kyau guda ɗaya mita uku, kar ka yi amfani da wayar sifika a madadinta, bata da rigar da ke tare ƙara.

Kason kuɗin in nine kai, kashi huɗu cikin goma jita, huɗu amfi, biyun da suka rage saiti da waya da jaka da sitabilaiza da tsirkiya fakiti uku. Tsirkiya fara da mai lamba 9 zuwa 42, in kaji ta yi maka laushi da yawa tunda daga katako ka fito koma 10 zuwa 46, amma in ka canza lamba sai an sake taɓa saiti. D'Addario da Ernie Ball sune aka fi samu kuma sune aka fi yi wa jabu, wacce ta yi baƙi cikin sati ɗaya ka san abin da aka sayar maka.

Kuma tunda a Kano kake, hunturu zai gwada jitar nan. Yawancin jitoci masu araha a Indonesiya ko Chaina aka ƙera su inda iska ke da laima, in busasshiyar iskar Disamba ta bugi katakon wuya sai ya tsuke, ƙarafan kuma basa tsukewa, sai kaji bakinsu ya fito yana yankar hannu, wuyan ma ya motsa tsirkiya ta fara ziza. Ba lalacewa tayi ba. Ka riƙa ajiye ta a jaka a rufe, ka sa ɗan soso mai danshi, ba mai ɗiga ba, a cikin robar sabulu da ka huda, ka jefa a aljihun jakar, kar ka jingina ta jikin bangon da rana ke duka kuma kar ka bar ta a but ɗin mota. In wuyan ya motsa kwata ɗin juyi ɗaya ake yi wa ƙarfen ciki a bar shi ya kwana a sake dubawa, in ya yi tauri kar ka tilasta, kai wa mai saiti. Da damina kuma tsatsa ce, ƙyalle busasshe a goge tsirkiya sama da ƙasa duk bayan kiɗa. In ka samu wacce ta kwanta maka, turo min hoton kanta gaba da baya da kuma rubutun bayan amfin kafin ka biya, in duba maka.